Tayoyin Motar Auta

A bakin titin da ya fita gari, daidai inda kwalta ta fara faɗi, akwai wata rumfar kwano da tsofaffin tayoyi jibge a kan rufinta don kada iska ta yaye shi. Nan Mai Faci ya yi rayuwarsa. Tun yana da baƙin gashi ake kiransa haka, har ya yi furfura, har jikokinsa suka taso suna ce masa Kaka Mai Faci. Bai yi nisa a makaranta ba. Ubansa ya kai shi wurin wani mai facin keke, daga keke ya koma babur, daga babur ya koma mota. Harafi yana ba shi wahala, amma lamba ya iya ta sarai.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai injin iska da sai ya yi tari kafin ya tashi, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda yake tsoma taya yana neman kumfa, da jek na ɗaga mota, da libobin ƙarfe na ɓamɓare taya da hannu ya goge har suna sheƙi, sai wani tsohon injin cire taya da ya saya a hannun wanda ya bar sana'ar.

Mutum ne mai tsoro, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ba ya tsoron duhu, ba ya tsoron kare, titi yake tsoro. Ta gabansa ake jawo motocin da suka yi hatsari a shigo da su gari. Jama'a su yi ta kallon gilashin da ya dagargaje da rufin da ya lotse, shi kuwa tayoyin yake kallo, ko ya san su. In ya ga ba su taɓa biyowa ta hannunsa ba, sai ya yi wa masu motar addu'a ya koma aikinsa. In kuwa ya gane facinsa, ranar ba ya iya cin abinci.

Daga wannan tsoron ya ɗaukar wa kansa wata doka. Kowace taya tana da lambobi huɗu a gefenta masu faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma galibi a fuska ɗaya ake buga su cikakku. Masu cusa wa mutane tsohuwar taya sukan juya wannan fuskar ciki, ta kalli ƙarƙashin mota. Shi kuwa duk tayar da ya ɗora a wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, shekarunta waje za su kalla, mai mota ya gani, wanda zai sayi motar a bayansa ma ya gani. Hannunsa ya saba har ba ya jiran umarni. Zai shafa gefen taya da babban yatsa, ya ji tudun lambar, ya juya ta sama, ko da hira yake yi.

'Ya'yansa mata duk sun yi aure. Namiji ɗaya gare shi, shi ne na ƙarshe, kowa Auta yake ce masa ko da yake yanzu gemunsa ya cika fuska. Auta ya yi karatu, ya zama mai gyaran injinan asibiti, yau a kira shi wannan gari, gobe wancan. Yaro ne mai ladabi, ba ya shaye-shaye, ba ya ɗaga wa iyayensa murya. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya zauna. Ya sayi wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, ya kai ta garejin abokinsa bakanike, suka yi ta fama da ita. Suka canza mata inji, suka sauke ta har cikinta ya kusa shafar ƙasa, suka sa mata salansa mai faɗin baki. Ranar da ta fito, tun daga kwanar kasuwa ake jin ta.

Maƙwabcin rumfar Mai Faci wani mai walda ne, kusan sa'ansa, ana ce masa Tartsatsi, bakinsa ba ya hutawa. Da ya jiyo ƙarar sai ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Sarkin tsoro, ga ɗanka nan tafe. Shiga ƙarƙashin benci, ni zan ce ba ka nan."

Mai Faci bai yi dariya ba. Ya zaga motar sau ɗaya hannuwansa a baya, ya ce wa Auta, "Wannan ba da ni ba. Ba zan taɓa ta ba. Ko iska ba zan ba ta ba."

A tunaninsa, in ya ƙi sa hannu, yaron zai ji nauyi ya rabu da ita. Auta ya ce, "To, Baba," ya ci gaba da hawan abarsa da tayoyin gwanjon da bakanike ya samo masa. Aka ɗauki watanni a haka. Wata rana Auta ya zo gaishe su, ya ajiye motar a ƙofar gida. Mai Faci ya fito zai wuce, ya yi niyyar kada ya kalla, idonsa ya ƙi. Ya duƙa. Gefen tayar baya duk ya tsattsage kamar busasshiyar fata, kuma an juya lambar ciki. Ya zura hannu ta bayan wili ya lalubo ta da yatsa. Tayar ta girmi babbar jikarsa.

Ya shiga gida ya zauna, aka kawo abinci ya tura gefe. Matarsa, wadda yara ke kira Inna, ta dube shi ta ce, "Malam, wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To ci abincinka. In motar ce, na gaji da ganinka kana ramewa a kanta. Ko ka sa masa taya ko ba ka sa masa ba, gudun nan zai yi shi. Ka ƙi taɓawa, wani ya taɓa. Wannan fushin naka wa ya tsare?"

Washegari ya kira Auta ya ce, "Za mu je a sayi taya. Ni zan zaɓa, ni zan ɗaura."

Babban shagon taya ne a cikin gari, mai bangon gilashi da sanyi kamar cikin firji, warin sabuwar roba ya cika ko'ina. Mai Faci ya goge takalminsa a ƙofa har sau biyu. Wata budurwa mai rigar shagon ta tarbe su, ta gaishe shi, ta tambayi Auta irin motar da abin da aka yi wa injin. Suka yi ta maganarsu, shi yana tsaye. Sai Auta ya nufi wata taya mai faɗi da ke rataye ita kaɗai, kusan sumul, zanenta 'yan layuka ne kawai. Ya shafa ta yana murmushi.

Mai Faci ya taɓa ta ya ce, "Wannan ai ta riga ta cinye. Sabuwa ce ko wani ya dawo da ita?"

Yarinyar ta danne dariyarta. "Haka aka yi ta, Baba. Ta filin tsere ce. In kwalta a bushe take, kama ƙasa take yi kamar an liƙa ta. Amma in ana ruwa, ni dai ba zan ba ƙanina ita ba."

"Ka ji ko?"

"Ai ba kullum ake ruwa ba, Baba," in ji Auta.

"Rana ɗaya ma ta isa."

Ya bar su ya shiga tsakanin kantoci, ya zaɓo irin wadda ya saba da ita, doguwa, mai tauri, zanenta mai zurfi har ɗan yatsa yana shiga. Ya mirgino ta gabansu.

"Baba tayar tarakta zai sa mini," in ji Auta. "Sai in riƙa yi wa mutane huɗa a hanya."

Yarinyar ta durƙusa ta nuna masa wani harafi a gefen tayar. "Wannan shi ke faɗin iyakar gudun da za ta ɗauka. Tayar kirki ce, amma ta motar kai yara makaranta ce. Injin da ya faɗa mini, in ya taka shi a doguwar hanya, zafi za ta ɗauka, kuma in ya zo birki ba za ta tsayar da shi inda yake so ba."

Mai Faci ya sake kallon tayar da ya zaɓo. Da niyyar sayen taya mai hana gudu ya fito, sai ga shi ana gaya masa irin wannan ita ce ta fi haɗari. Ya ce a hankali, "To 'yata, in ƙanin naki ba ya jin magana, wacce za ki ba shi?"

Ta kai su wurin wata. Mai faɗi ce ita ma, gefenta gajere, robarta da laushi, amma ramukanta a fili suke, sun taso daga tsakiya sun karkata zuwa gefe biyu kamar ƙayar kifi. Ta ce ta titi ce, tana ɗaukar gudu, tana kuma kore ruwa. Ya danna farce a jikinta ya ga yadda ta dawo. Ya sunsuna ta. Ya sa aka sauko da guda huɗu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta lambobin. Ɗaya ta girmi 'yan'uwanta, ya ce a mayar a kawo wata. Auta ya zauna a kujera yana kaɗa ƙafa, har ya gaji ya daina.

"Muna da inji a baya," in ji yarinyar. "Yanzu za a ɗaura muku."

"A'a. Allah ya yi miki albarka. Ba hannun da zai ɗaura wa yaron nan taya sai nawa."

Washegari da safe Auta ya kawo motar rumfa ya wuce wurin aiki a babur ɗin haya. Mai Faci ya kori duk wani aiki. Ya wanke wilolin da sabulu. Ya naɗe bakin injinsa da tsumma don kada ya karce su. Gajeren gefen nan ya ba shi wuya, zufa har cikin idonsa, amma ya bi a sannu. Ya ba kowacce iska yana aunawa da geji, ya tsoma ta a duro ya daɗe yana kallon ruwan, babu kumfa. Ya ɗaure notuna, ya sake bin su. Tartsatsi ya leƙo ya ce, "Amarya ma ba a yi mata wannan shirin."

Bayan azahar sai ga Auta da sauri, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. An kira shi daga asibitin garin da ke gaba, injin da ke taimaka wa jarirai numfashi ya tsaya. Ya kalli motar fuskarsa ta washe. "Kai, Baba! Ta zama wata." Bai duƙa ya duba ba. Wa zai duƙa ya duba aikin ubansa a gaban idonsa? Ya jefa jakar a baya, ya ce sai ya dawo, ya fita.

Mai Faci ya tsaya har ƙarar ta ɓace. Ya juyo zai tattara tsummokara, sai idonsa ya sauka a ƙasa. Ruwan duro ya jiƙa yashin gaban rumfa, motar ta bi ta kai ta bar sawu biyu, sababbi, kowane rami ya fito. Ya tsaya yana sha'awarsu. Can sai ya daina. Sawun dama, tsinin zanen ya kalli gefe guda. Sawun hagu ya kalli ɗaya gefen.

"Tartsatsi. Zo ka gani."

Mai walda ya zo ya leƙa. "Motar ce ba ta gama shawara ba. Rabinta za ta tafi, rabi za ta dawo gida." Ya ɗago zai yi dariya, ya ga fuskar abokinsa, ya fasa.

Takardar da ya ɓamɓare daga jikin taya tana liƙe a ginshiƙin rumfa, da lambar shagon a jiki. Tartsatsi ne ya kira ya miƙa wa Mai Faci wayar. Yarinyar ta gane muryarsa. Ya gaya mata abin da ya gani.

Ta ce, "Baba, akwai 'yar kibiya a gefen kowace taya. Inda ta nuna, nan tayar za ta riƙa juyawa in mota na tafiya gaba. Biyu na dama, biyu na hagu, ba iri ɗaya ake ɗora su a wili ba. Wallahi na ɗauka ka sani."

Bai ga kibiya ba. Lamba yatsansa ya nema, ya juya duka huɗun fuska ɗaya, kamar yadda ya yi wa kowace taya tun yana saurayi.

"In aka sa baibai fa?"

"A busasshiyar hanya ba zai ma ji ba. Amma cikin ruwa, maimakon ta kore shi gefe, tattaro shi za ta riƙa yi ƙarƙashinta. Gefe ɗaya ya riƙe, gefe ɗaya ya saki. Ka ce masa kada ya yi gudu in ana ruwa, har a juya su."

Mai Faci ya fito daga rumfa ya ɗaga kai. A saman gari rana ce. A can inda titin ya nufa kuwa hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, ya sauko har kan itatuwa.

Ya kira Auta. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake. Ya sake. Sai ya tuna wayar tana cikin jaka a kujerar baya. Shi da kansa ya sa yaron ya yi masa alkawari, tun ranar da ya fara tuƙi, cewa ba zai taɓa ɗaga waya yana kan sitiyari ba, kuma Auta mai cika alkawari ne.

"Hau babur mu bi shi," in ji Tartsatsi.

"Da wannan za mu kamo waccan?"

Mai Faci ya zauna a kan taya. Ya ga motar da ke jawo motocin hatsari a idonsa, ya ga jar mota a bayanta, ya ga kansa ya fito yana duba tayoyin. Sai wani abu ya faɗo masa. Duk tsawon hanyar nan akwai masu faci, kowa da rumfarsa. Wasu shi ya koya musu, wasu sun saba aro a wurinsa, kuma babu wanda bai san motar ba.

Ya kira Dogo, mai rumfa a gidan man da ke bayan gari. "Jar nan mai ƙara? Ai ta wuce, Baba, har ya ɗago mini hannu. Lafiya?" Mai Faci ya katse kiran. Ya kira na bakin gada, waya a kashe. Saura mutum ɗaya kafin doguwar gangarar da ruwa ke kwanciya a ƙasanta, wani dattijo mai rumfa a mararraba. Sai-a-Hankali ake ce masa, don ana iya cin abinci a yi barci kafin ya gama facin taya ɗaya.

Mai Faci ya kira shi, sai bayan an daɗe ya ɗaga. "A'a, Mai Faci ne? Ina wuni? Ya iyali? Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi?"

"Saurara! Motar Auta ta wuce ka?"

"Wace motar? Au, jar nan. Ban ji ta ba tukuna. Mu nan ruwa ya fara sauka, yanzu nake cewa bari in shigar da..."

"Bar komai. Ka tsayar mini da shi."

"To bari in mirgina masa taya a titi."

"Kada ka kuskura! In ya taka birki da ƙarfi shi ke nan. Kada ka shiga gabansa. Ɗauki wani abu mai launi, ka yi gaba sosai a gefen hanya, inda zai hango ka daga nesa. Ka yi ta kaɗawa. Don girman Allah ka yi sauri, yau kaɗai."

"To, to. Bari in nemo takalmina."

Mai Faci ya kwashi libobinsa da tsummokara da sabulu ya cusa a buhu, ya hau bayan Tartsatsi a babur. Ba su kai gidan mai ba ruwa ya tarbe su, manyan ɗigo masu zafi a fuska. Kwalta ta koma kamar madubi. Kowace mota ta wuce sai ta watsa musu ruwa, shi kuwa yana kallon yadda tayoyinta ke tsaga shi, yana tunanin waɗanda suke tattaro shi. Ya riƙe rigar Tartsatsi da hannu biyu, bakinsa yana motsi.

Kafin gada suka hango mutane tsaye da lema a gefen hanya, suna leƙen rami. Tartsatsi ya rage gudu. Mai Faci ya sauka tun babur bai gama tsayawa ba, ya kutsa cikin mutanen. Tayoyi ya fara gani, suna kallon sama. Dogaye ne, sirara. Farar motar ɗaukar kaya ce, direbanta yana zaune a kan dutse yana riƙe da kafaɗa, da ransa. Mai Faci ya ce masa sannu, ya koma babur.

Daga nan bai ƙara ɗaga kai ba, ya kifa goshinsa a bayan abokinsa. Sai da ya ji Tartsatsi ya buga masa gwiwa yana ihu, "Sarkin tsoro, buɗe ido!"

Jar motar tana fake a ƙarƙashin bishiya a mararraba, ruwa na zuba a kanta. A bakin rumfa Sai-a-Hankali ne tsaye, jiƙe sharkaf, riƙe da jan bokitin roba, ƙafarsa ɗaya babu takalmi. Auta ya taho da gudu cikin ruwan.

"Baba! Inna ce? Me ya same ta? Ya ce mini kawai in tsaya, ya ƙi faɗin komai. Na kira ka ba ka ɗaga ba."

"Ai ni ma ba a gaya mini ba," in ji Sai-a-Hankali.

Mai Faci ya kama hannun ɗansa, ya taɓa kafaɗarsa, ya taɓa fuskarsa, abin da rabonsa da yi tun yaron yana rarrafe. Sa'an nan ya ja shi gefen hagu na motar, ya durƙusa a cikin taɓo, ya goge gefen taya da hannun riga. Kibiyar tana nan, 'yar ƙarama, tana nuna baya.

"Innarka lafiya lau take. Ni ne na sa maka su baibai."

Auta ya daɗe yana kallon kibiyar. Ya ce, "Shi ya sa. A kan gada ta ɗan ja ni gefe, na ɗauka iska ce." "Ni na san da kibiyar nan, Baba. Ban duba ba."

"Ja nawa?"

"Kaɗan."

"Auta."

"Sai da na riƙe ta da hannu biyu."

Babu injin cire taya a rumfar Sai-a-Hankali, da liba za a yi. Suka ɗaga motar, suka shigar da wili biyu ƙarƙashin kwano. Mai Faci ya naɗe libobin da tsumma, ya shafa sabulu. Taya mai gajeren gefe ba ta son liba, sai ka danna nan ta ƙwace can. Tartsatsi ya hau kanta da ƙafa biyu yana cewa ai da an san ƙibarsa za ta yi rana da an daina yi masa gori. Auta ya tuɓe rigar aikinsa ya riƙe liba ɗaya. Liba ta kuɓuce ta fasa wa Mai Faci yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba. Da ya zo mayar da ta farko, babban yatsansa ya tafi neman lamba da kansa. Ya janye shi, ya ce, "Auta, nuna mini da hannunka." Auta ya ɗora yatsa a kan kibiyar, suka juya ta tare, lambar ta koma ciki. Haka suka yi wa ta biyu. Bayan an ɗaure, ya zaga motar yana duƙawa a gaban kowace taya, ya kira Tartsatsi ya duba, ya kira Sai-a-Hankali ma ya duba.

Wayar Auta ta yi ƙara. Ya koma gefe ya amsa, ya dawo yana sa riga. "Baba, asibitin ne. Da hannu suke ba wani jariri iska tun ɗazu."

Ruwan bai tsaya ba, ya dai rage ƙarfi. Mai Faci ya kalli gangarar, ta miƙe har ta shige cikin hazo. "Ka ɗan jira ya ɗauke."

"Ba zai yiwu ba, Baba. Kuma ai don ruwan ka zaɓe su. Yanzu daidai suke."

Mai Faci ya kalli tayoyin. Daidai suke, shi ya zaɓa, shi ya gyara, babu sauran abin da hannu zai yi. Ya ce, "In ka isa ka kira ni kafin ka taɓa komai."

Auta ya hau titi a hankali kamar mai koyon tuƙi, yana kallonsu ta madubi. Haka ya tafi har ya sha kwana. Daga bayan kwanar suka jiyo muryar injin ta ɗaga.

Tartsatsi ya ce su kama hanya kafin sanyi ya kashe su. Mai Faci ya ce shi ba inda za shi. Ya zauna a bencin Sai-a-Hankali, ya goge wayarsa, ya ɗora ta a gwiwa. Aka ba shi ruwan zafi a kofi, ya riƙe har ya huce. Duk motar da ta fito daga wajen gangara sai ya kalli fuskar direban, ko akwai alamar ya ga wani abu a hanya. Inna ta kira tana tambayar inda ya shige cikin ruwan nan, ya ce aiki ne ya fito da shi, ya katse da wuri don kada layin ya tare.

Rana ta yi ƙasa sosai kafin wayar ta sake ƙara.

"Baba, na iso. Lafiya lau. Wallahi ko motsi ba ta yi ba, kamar a kan dogo take tafiya. Bari in shiga."

Mai Faci ya sauke numfashi, ya yi hamdala. Tartsatsi ya miƙe yana karkaɗe wando. Amma Mai Faci bai kashe wayar ba.

"Yaushe za ka dawo?"

"Gobe da safe, in Allah ya so."

Mai Faci ya leƙa daga ƙarƙashin kwanon ya dubi sama. Ya ce wa Sai-a-Hankali, "Gobe ma kana nan ko?"